Dattijo a Gaban Tukunyar Cuku

A ɗakin girkin bukkar masu hawan dutse da ke saman Charmey, wani dattijo ya tare murhun da nake jira. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, sanye da rigar girki mai furanni wadda ta yi masa kaɗan. Ko tantama babu, ta mace ce.

Yana juya narkakken cuku a tukunyar ƙasa. Cukun ya fara tsinkewa, mai ya taso sama, sauran ya dunƙule. Abokansa biyar suna jira a tebur, burodi a yanke.

"Firmin, sai yunwa ta kashe mu?" in ji wani mai gemu. Matarsa ta taka masa ƙafa.

Ina jin shekara arba'in yana cin wannan girki, yau ne ya fara riƙe cokalin.

Ya rage wuta, ya matsa lemun tsami, yana ta juyawa. A hankali cukun ya haɗu sumul.

Ya ɗanɗana. "Bai kai na matata Odile ba."

"Allah ya jiƙanta, nata ma yakan ƙone," in ji mai gemun. "Tsoron faɗa mata muke yi."