Gautan Amiru Saji

Amiru Saji bai yarda da ɗan aike ba, kuma kwamfuta ce ta ɓata shi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya samu aiki a wani kamfanin taki a Kano, yana kula da wata kwamfuta mai girman firij. In wata manhaja ta miƙa wa 'yar'uwarta rubutun da ya wuce harafi talatin da biyu, sai ya isa da tarkacen tsohon saƙo manne a wutsiyarsa. Maganinsa shi ne a dasa alama a can ƙarshe.

"Na'ura ma tana ƙari, bare direban Rano?" in ji shi.

Tun daga nan, duk saƙon bakin da ya aika wa yayarsa Saudat a Kibiya, da kalmar "gauta" yake rufe shi. Abin da ya biyo bayanta ƙarin ɗan aike ne, saƙon da babu ita kuwa ba nasa ba ne.

Ranar da ya rasu, direba ya durƙusa ya faɗa mata. Saudat ta zuba masa ido, ta ce, "To, ƙarasa mana."