Sandar Awon Baba

Shekara ɗaya aka ce in yi. Ma'aikatar ruwa ta jiharmu ce ta turo ni Manchester ta Ingila in koyi aikin lura da koguna, in koma in koya wa na baya. Har 'yar walima aka yi mini a ofis, da lemo da cincin, shugabanmu yana ta nanata cewa ni zan gyara sashen. Yanzu 'yar da na zo da ita a goye ta fi ni tsawo, kuma in na yi mata Hausa, da Turancin Birmingham take ba ni amsa.

Mutum ɗaya ne bai zo walimar ba, wani dattijo da dukanmu muke kira Baba. Shi ke karanta sandar awo da aka kafa a ƙarƙashin gadar garinmu, wani dogon ƙarfe mai lambobi da ke nuna inda ruwa ya kai. Kullum da safe sai ya gangara ya duba, ya rubuta a littafi. A wurinsa na fara sanin aikin, ina sabuwar injiniya mai ji da kai. Wata rana na ga gurbi a shafinsa, na zaro biro zan cike da abin da ya yi daidai da jiya da shekaranjiya. Sai ya janye littafin.

"Injiniya, ranar ina kwance a asibiti. Ban gani ba, shi ya sa ban rubuta ba. Ki bar gurbin."

Wallahi na ji haushi, da digirina da komai. Amma na mayar da birona jaka.

A jami'ar da ke Oxford Road na yi karatun, cikin wannan ruwan saman nasu da ba ya zuba na kirki, ba ya kuma ɗaukewa. An nuna mana na'urorin da ke aiko da tsayin ruwa da kansu, ba sai wani ya taka laka ba. Littafi uku na cika da abin da zan koya wa mutanenmu. Sai maigidana ya samu aikin asibiti a Birmingham, muka tare a unguwar Small Heath. Sai ciki, sai makarantar yara, sai takardun zama da ake ƙirga wa mutum duk kwanan da ya yi a waje. Duk lokacin da na tayar da zancen komawa, amsar ɗaya ce: "Ki bari mu samu indefinite tukuna." Da muka samu takardar zaman dindindin ɗin, sai ta koma, "Ki bari yarinyar nan ta gama jarrabawar GCSE." Ba na ɗora masa laifin shi kaɗai. Ni ma na kama aiki a wani kamfani, ina lissafa musu ambaliyar kogunan da a garinmu ko rafi ba za a kira su ba.

A gida kuwa shugaban nan ya yi ritaya, aka goge sunana daga jerin ma'aikata, babur ɗin da ke zuwa karɓar takardun Baba ya lalace ba a gyara ba. Shi ma Baban aka sallame shi, amma bai fasa gangarawa ba. Ya nemo lambata, ya shiga aiko mini da saƙon murya kullum: sallama, gaisuwar maigida da yara, lambar ranar, sannan, "Yaushe za ki dawo ki karɓa?" A cikin bas nake saurara, in shigar a kwamfuta, in tura wa ma'aikatar ruwan. Ko "mun gani" ba wanda ya taɓa ce mini.

Na gwada koyar da ma'aikata uku na can gida ta bidiyo. Kafin damina an yi wa biyu canjin wurin aiki, na ukun ya ce gadar ta yi masa nisa. Na zazzaga masa masifa ta waya a kicin ɗin ofishinmu, har wata baturiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Bayan na huce sai kunya ta kama ni, don in maganar nisa ce, ai na fi shi.

Bara lambobin Baba suka fara rikicewa. Ruwan da ya ce ya hau jiya, yau ya faɗi kamar an cire matoshi. Sai da na matsa masa ya ce, "Idon ne, Injiniya. Wata yana ce ta rufe shi." 'Yarsa ta nuna masa yadda ake ɗaukar hoto. Daga nan shi zai gangara ya ɗauko hoton sandar, ni in karanta daga nan, in kira shi in faɗa masa, ya rubuta. Na san gangaren nan sarai, na san santsinsa da damina. Kullum sai in ce gobe zan hana shi, gobe kuma in buɗe hoton.

Wata safiya a watan Agusta hoto ya shigo ina cikin bas. Jan ruwa ne ya cika shi, da gefen rigarsa, da babban yatsansa. Babu sanda. Kafin in yi wani tunani sai ga kiransa, ina jin ƙugin kogin a bayansa.

"Nawa ne yau?"

Na ƙara buɗe hoton, na duba shi lungu-lungu.

"Ko in ƙara matsawa? Akwai dutse a nan gaba."

Ina da na jiya da na shekaranjiya a gabana, kuma ƙiyasi shi ne sana'ata. Da na faɗi wata lamba, da ya rubuta ya tafi gida da farin cikinsa, gobe kuma ya dawo.

"Ban gani ba, Baba. Kada ka matsa. Don girman Allah ka hau sama, kuma kada ka ƙara gangarawa."

 Ina jin numfashinsa yana hawa gangaren.

"To," ya ce. "Ki bar gurbin."

Na jira tambayar da ya saba yi, har na shirya amsar da na saba ba shi, cewa baɗi in Allah ya so. Bai yi ba. Ya ce in gaida yara, ya kashe.

Har yau yana kira ranar Juma'a mu gaisa, kuma bai ƙara tambayata yaushe ba. Shafin da nake shigar da lambobin kuwa tun daga ranar gurbi ne har ƙasa, amma duk safiya in na zauna a bas sai na buɗe shi.