Waƙar da Inna Ta Ajiye

A gidanmu na Yakasai ba a fara tatsuniya sai an idar da isha'i, Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu. Inna kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Gajeriya ce, ga faɗa, ga son jikoki. Mukan zagaye ta, garwashin da aka sauke tuwo a kansa yana mutuwa a hankali, sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Abu ɗaya ne yake ba mu haushi da ita. Kowa ya san tatsuniya da waƙa take tafiya: in an zo wurin, mai bayarwa ta rera, yara su amsa. Inna kuwa sai ta faɗi kalmomin a miƙe, kamar mai aiken yaro kasuwa. In mun matsa mata ta ce, "Na ajiye." Gwaggo ce ta raɗa min daga baya cewa da ƙuruciya Inna ke jan waƙa a kiɗan ƙwarya, har daga Gwammaja ake zuwa ɗaukar ta biki. Da za ta auri kakanmu, malamin zaure, ta yi masa alkawarin za ta daina waƙa. Ya rasu tun ba a haife ni ba, ita kuwa tana nan riƙe da alkawarin.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata marainiya ce, Kande. Uwarta ta bar mata waƙa. In ta je gindin tsamiyar da aka binne ta ta rera, uwar takan amsa daga ƙasa. Wata rana Kande ta haɗu da tsohuwa a bakin rijiya. Tsohuwar ta ce za ta ba ta harshen fatake, ta shiga kowace kasuwa ta duniya a ji ta, amma sai ta ajiye muryar waƙarta a cikin ƙwarya. Kande ta yarda. Ta yi yawo, ta yi arziki, ta dawo gindin tsamiya ta ce, "Uwata ta tsamiya, ga ni na dawo, ƙafata da ƙura, ki amsa min." Ba ta manta ko kalma ɗaya ba, amma shiru.

"Me ya sa ba ta amsa ba, Inna?"

"Na ƙasa ba sa jin magana, murya suke ganewa," in ji ta, tana tona toka da tsinke. "Ta ƙare. Ku tashi kafin sauro ya ƙarasa ku."

Da na shiga babbar sakandare aka ce kowace ɗaliba ta zaɓi ɗaya don jarrabawar fita: Kiɗa ko Faransanci. Malamar Kiɗa ta ce duk wadda ta ɗauki darasinta, za ta kawo waƙar gargajiya daga gidansu ta rera a gaban masu jarrabawa. Da yamma na samu Inna tana tsince shinkafa na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni.

"Jarrabawa kika ce, Bilki? Wato karatu ne?"

"Karatu ne mana, Inna. Har maki ake bayarwa."

"To ai Malam bai taɓa hana karatu ba." Ta ture farantin gefe. "In kin ɗauka, ki zo min da baho da ruwa."

A ranar ta sa aka jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gadonta, ta wanke ta da hannunta ta kife ta a tsakar gida. Ban taɓa ganin ta da irin wannan rawar jiki ba.

Baba ya ji maganar, ya ce bai san zance ba. "Jikar Malam ce za ta tsaya gaban maza tana waƙa, a ce min wai jarrabawa? Faransanci za ki yi. Ga Nijar nan kusa, ba kya rasa aiki ba." Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin komai. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta juya shi. Amma Baba ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce tana son abu. Ta gyara mayafi ta shige ɗaki. Washegari ƙwaryar ta koma ƙarƙashin gado.

Na roƙe ta a ɓoye ta rera min ko sau ɗaya. Ta ce, "Wannan kuma ai ba karatu ba ne." Kafin sakamakonmu ya fito ta rasu.

Baba bai yi ƙarya ba. Faransanci ya ci da ni, ya kai ni Maraɗi da Yamai da Kwatano, na yi tafinta a ɗakunan da ban taɓa mafarkin shiga ba. Na daɗe ina zaton ni ce Kande. Sai da na girma na gane Inna ma ita ce. Ta ajiye tata muryar tun kafin a haife mu, kullum tana ba mu labarin a gaban murhu, tana jiran ranar da za a zo karɓar waƙar ta hanyar da ba za ta saɓa wa mamaci ba. Ranar ta zo, ta wuce. Har yau in kwano ya kife a kan ruwan wanke-wanke, nakan tsaya ina saurare, kamar zan ji kiɗan ƙwarya.

Bana 'yata Hafsa ta kai wannan aji. Babanta ya ce ta zaɓi abin da take so, ta zaɓi Kiɗa. Ta same ni a kicin ta ce, "Umma, an ce mu kawo waƙar gidanmu."

Na zaunar da ita na ce, "Uwata ta tsamiya, ga ni na dawo, ƙafata da ƙura, ki amsa min."

Ta maimaita a hankali har ta riƙe. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"To, Umma, ya ake rera ta?"