Muntaka Mai Na'ura da Sunan Ɗan Fari

Muntaka Illa ɗan unguwarmu ne a Matamaye, kuma ban taɓa ɓoye cewa ba na shiri da shi ba. Aji ɗaya muka yi a koleji. Ubansa tela ne, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ɗan kuwa tun yana ƙarami, in mushe, wato malaminmu, ya bar masa tsaron aji, har wanda ya yi tari sai ya kai ƙararsa. Da ya bar lakwal, wato makaranta, ya yi cajin waya a bakin tasha, daga baya ya buɗe shagon buga takardu. A nan ya koyi ordinatar, wato kwamfuta, a nan kuma hularsa ta karkace gefe guda.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, sojoji na kan mulki, wuta kuma sai ta ga dama, wata ƙungiyar agaji ta zo rubuta gidajen da za a ba hatsi. Aka zaunar da Muntaka gaban na'ura. Ni aka ba ni tsaron layin mata, don ina karanta Faransanci kuma ina da murya.

Rajistar a intanet take. Ka shiga da lambar sirri, ka cike bayanin gida ɗaya, ka tura. In ka bar shafin ba ka taɓa ba na ɗan lokaci, sai wani akwati ya fito tsakiyar allo yana gargaɗi, daƙiƙu na raguwa. In suka ƙare ya fitar da kai, abin da ka rubuta ya goge. Sake shiga kuwa, da irin rezon intanet ɗin namu, sai ka yi hamma ka gaji.

To me ke sa a bar shafin? Tambayar farko ita ce sunan mai gida. Matan ƙauyukanmu ba su faɗin sunan miji, ba su faɗin na ɗan fari. Kowa ya san haka, har uwar Muntaka. Mace ta sunkuyar da kai, a leƙa waje a kira maƙwabciyarta ta faɗa. Kafin ta kutso cikin mutane, akwati ya fito, aiki ya goge.

Muntaka ya kira Damagaram ya ce na'ura ta lalace. Aka turo wani Ɗanjuma mai gyara. Ya gwada rezo, ya duba agogon na'urar, ya fita ya sake shiga, bai ga komai ba. Sai ya ja kujera ya zauna yana kallon yadda ake aikin. Mace ta uku na sunkuyar da kai ya kwashe da dariya.

"Malam Muntaka, lafiyarta lau. Da gangan aka sa wannan, don kada ka tashi wani ya karanta sirrin mutane. Ka ga wannan maɓalli a ƙasan akwatin? Danna shi kawai, lokaci ya koma farko."

"Na san da shi," in ji Muntaka.

"To me ya sa na ƙona man babur tun daga Damagaram?"

Mata suka yi dariya, har da ni. Wannan dariyar ce Muntaka bai yafe ba. Ɗanjuma na tafiya, Muntaka ya ce ai ba na'ura ce matsala ba, matan ne. Ya kafa doka: mace ɗaya za ta shiga, a rufe ƙofa, kowa ta amsa da bakinta, ba kiran kowa.

A ƙarƙashin wannan doka Inna Baiwa ta shigo. Tsohuwa ce daga wani ƙauye bayan Dungu, a ƙafa ta zo. Mijinta ya rasu, gidan na hannun ɗanta na fari, shi kuma ya tafi cin rani da takardunsa, ya bar mata matarsa mai jego da ƙananan yara. Ta ce ganyen tafasa suke ci da ɗan garin rogo.

"Sunan mai gida?"

"Yaron nan ne, ɗana."

"Wane yaro? Duniya cike take da yara."

Ta dube ni, don ni na shigo da ita. Ni ban san sunan ba. Na ce, "Muntaka, maƙwabciyarta na bakin ƙofa, bari in tambayo."

"Safi, aikinki layi ne."

Akwatin ya fito. Ina tsaye bayansa, ina ganin maɓallin, yatsansa na kusa da shi. Na ce ya danna. Ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya juya mata allon.

"Inna, kin ga waɗannan lambobi? In suka ƙare, sai ki koma bayan layi. Gobe kuma ƴan Tsauni ne, ba ku ba."

Ba ta iya karatu ba, amma ta ga abin na motsi. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Inusa."

"Ban ji ba."

Wallahi ya ji. Sai da ta sake faɗa da ƙarfi, har na waje suka ji ta taga, sannan ya danna ya rubuta.

Ta samu hatsinta. Na taya ta ɗora buhun a amalanken garinsu, tana ta kauda kai daga matan da suka zo tare. Da na ba ta haƙuri sai ta ce, "Ƴata, tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bai fito daga bakina ba."

Na koma na faɗa wa Muntaka abin da ke raina a gaban kowa, washegari aka ce an samu wata mai tsaron layi. Shi kuwa an yaba masa, wai biron Matamaye, wato ofishinmu, ya fi kowane sauri. Yanzu yana Damagaram yana koya wa wasu aikin. In ya zo gida salla ya gaishe ni, nakan amsa, don musulunci. Iyakar abin da zai samu ke nan.