Dutsen da Barde Jatau Ya Bar Mana

Ranar Laraba ce. Da hantsi ina shanya kuɓewa a tsakar gida, Baba yana zaure yana ba baƙi labarin da duk muka haddace. Labarin Barde Jatau, kakan kakanninmu, wanda sarki ya ba riƙon ganuwar garinmu tun ba a san bindiga ba. Ya yi yaƙi yana saurayi, ya tsufa yana tsaron ƙofa. Shi ya haƙa ramin gudu daga zauren nan zuwa bayan tsauni. Bakin ramin da faffaɗan dutse ake rufe shi, kuma daga sama kaɗai. Da gangan ya yi haka, don kada wani Barde ya taɓa gudu ya bar mutanensa. Baba da alfahari yake faɗi. Shi ne Barden zamaninmu.

An kira azahar, ba a tayar da sallah ba, muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi ta wajen kasuwa. Ganuwar ba ta tare kowa ba, mutanen gari sun daɗe da kwashe ƙasarta suna buga bulo.

Mata suka cika zauren da goyo. Baba da maƙwabcinmu suka ture dutsen.

"Ku shiga! Ku toshe bakin yara!"

Ni ce ta ƙarshe. Na riƙe gefen rigarsa.

"Baba, ku taho."

"Hadiza, sauka!"

Ya ɓamɓare yatsuna. Dutsen ya gurza a kaina, haske ya ɗauke.

Da gwiwa muka yi ta rarrafe. Warin kashin jemage. Daga sama na ji an daki ƙofar zaure, na ji wata murya tana cewa, "Ina matan? Tashi!" Sau biyu ya faɗa. Sai ƙarar bindiga ɗaya.

Mun fito bayan tsauni la'asar sakaliya. Hayaƙi ya rufe garin. Ba mu tsaya ba har kwalta.

Waɗanda suka koma jana'iza sun ce a zaune suka sami Baba a kan buzunsa. Sai da suka ɗaga shi suka ga dutsen a ƙasa.

Yanzu ina unguwar Abu Hail a Dubai, wurin Yaya Sani da ya nema mini biza. Duk babur mai kai abinci da ya wuce, sai na tsinci kaina a bayan ƙofa. Yaya ya ce, "Khalas, ya wuce, Hadiza, nan Dubai ce." Abokansa na unguwar Ras Al Khor sun fara kiransa Barde, suna dariya, suna cewa ya gaji babban mutum. Ni kuwa na tsani Barde Jatau. Allah ya sani na tsane shi. Da ya so, da ya yi wa dutsen nan mariƙi ta ƙasa.

Duk wanda ya shiga ramin ya fito. Buzun ma an aiko mana. Ban wanke shi ba.