Taɓaryar Mama Rebeka

Surukata, Mama Rebeka, ko bihim ba ta sani ba a karatu, amma shekara talatin da ɗaya ke nan duk waƙar da zumuntar matan cocinmu ke kaiwa taron shekara daga bakinta take fitowa. 'Yar wajen Rijau ce, aure ya kawo ta Kontagora. Mijinta Baƙo ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da turmi ɗaya, kuma da surfen dawar mutane ta raine su. Ba wanda ya taɓa ganin ta zauna tana tsara waƙa. Damina na ja baya, sai dai a ji ta da sabuwa.

Sai ga ni, Faith, matar autanta Irmiya. Ranar da za a kawo ni, uwata ta ja mini kunne cewa duk ranar da aka ga uwar mijina da tsintsiya a hannu, na zubar mana da mutunci. Ni kuma ba na yin abu rabi da rabi. Tsintsiya na ƙwace, guga na ƙwace, turmin na mirgina shi bayan ɗaki na kife. Dawa kuwa sai inji. Irmiya ya sayo mata kujerar roba, muka ajiye ta gindin mangwaro muna jin mun gama biyan aljanna.

Saura mako uku a tafi taron shekarar a Mashegu, shugabar zumunta, Madam Alice, ta leƙo.

"Mama, yaya batun waƙarmu?"

"Tana hanya," in ji Mama.

Ba ta hanya. Ina kallo ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Ta ja kujera inuwa, ta mayar da ita rana, ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta yi wa kaji faɗan da ba su san dalilinsa ba. Ƙafarta kuwa sai kaɗawa take yi. Irmiya ya ba ta waya, wai da zarar wani abu ya zo ta danna ta naɗa. Ta sa wayar a cinya tana hararar ta wuni guda. Yo ina kaza za ta yi ƙwai an kewaye ta ana jira?

Ran nan ina miƙa mata kunu ta riƙe hannuna.

"'Yata, ina jin Mai abin ya karɓe abinsa. Ki je ki ce wa Alice su nemi wata."

Matar da aka ce ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar jana'izar mijinta, ga ido ya kawo ruwa. Ban je wurin Alice ba, na dai ƙara mata matashin kai a kujera, don wautata iyakar abin da ta nuna mini ke nan.

Bayan kwana biyu na dawo daga kasuwa da wuri, kujera ba kowa. Sai na jiyo taɓarya na sauka a gidan maƙwabciyarmu Hafsatu. Na leƙa. Mama ce, ta ci ɗamara, gumi na zuba, tana surfa masarar mutane. Idonta ba ya kan turmin, yana can saman katanga, tana gunguni ƙasa-ƙasa da Dukanci, yarensu na Rijau. Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci.

"Mama! So kuke a ce na mayar da ku baiwa a unguwa?"

Taɓarya ta tsaya. Ta dube ni kamar na fasa mata tulu a bakin ƙofa.

"Kin kore mini waƙar. Ta zo har nan," ta nuna maƙogwaronta. "Ke yarinya, in na zauna ina nemanta, gudu take yi. Amma in hannu ya samu abin yi, sai kai ya tafi yawonsa. Ya je Rijau, ya je gona, ya biya ta kabarin Baƙo. A hanyar dawowa yake tsinto ta."

Washegari da kaina na mirgino turmin tsakar gida, na wanke, na auno dawa kwano biyu. Aikin da ya fi wahala shi ne in janye hannuna, mutane na wucewa suna leƙe. A kwana na huɗu, tana cikin sheƙa, waƙar ta fito ɗungum.

A Mashegu, mata sun fi ɗari uku suna amsawa: "Ka ba ni dawa, ka ba ni hannu, na gode da duka biyun." Mama na gaba, murya tar. Wata da ke kusa da ni, wadda ba ta san ni ba, ta matso ta raɗa mini:

"Kin ga baiwar Allah nan? An ce matar ɗanta ce ke sa ta surfe, ita tana zaune a kujera."

"Haka na ji," na ce mata, na ci gaba da tafi.