Idon Malam

"Yaya, mai sayarwa ta Kano ta fi sauƙi, har nan Gaya za ta aiko."

Autarmu Hauwa ce ta miƙo min waya. Bikinta ya matso, tun safe muke bin masu sayar da lens, ɗan gilashin nan da amare ke mannawa a ƙwayar ido ya sauya launi. Mu tambayi wannan, mu taya na waccan, neman rangwame. Ruwan toka take so.

Inna na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Me za a sa a idon?"

Muka yi mata bayani muna dariya. Ita ba ta yi ba.

"Auta, ki yi duk kwalliyar da kike so, amma ki bar min idon nan. Na Malam ne. Tunda ya rasu, nan kaɗai nake ganinsa. Ga shi za a kai ki Ajingi."

Malam, babanmu, ko hoto bai bar mana ba.

Hauwa ta kife wayar, ta sunkuyar da kai.

Ku a gidanku, a fuskar wa kuke ganin wanda ya tafi? Allah Ya jiƙan iyayenmu.